Mai Dalma Ya Tafi, Dalmar Tana Nan

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, da wanda ya shirya da wanda ke neman takalminshi. Taubashina ya riga ni. Ɗan kawuna ne, wan uwata ya haife shi, ya girme ni da abin da bai kai a ɗaga hanci a kai ba, amma ya ɗaga hancin har anka kai shi makwanci. Tun muna samari na faɗa mishi ni za ni fara tafiya, in kama wurin inuwa in bar mishi rana. Bai yarda ba. Ko a mutuwa sai da ya yi mini wayo.

Ban ɗauki alƙalami don in yi kuka ba. Kukan na yi shi na gama a bayan rumbu, inda ba mai ganina. Haushi ne ya sa ni rubutu, kuma masu ta'aziyya ne sunka ba ni shi, tabarma bayan tabarma. Ni kuwa lakwal, bokon Faransa, na yi ta har aji huɗu, kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni ya ce in je in taimaki duniya ta wata hanya. In kun ga harafi ya karkace, ku kai ƙara kabarin mushe.

Mutane sun zo, ba laifi. Masunta daga Garu bisa kekuna, 'yan Madekali bisa kabu-kabu, 'yan kasuwar Gaya sun ƙetaro gada da shinkafar sadaka. Wani tsohon masunci ya ce tun da yake jefa birgi a gulbin ga bai taɓa riƙe dalma mai zama daidai irin ta marigayi ba. Wannan gaskiya ne, na bar shi ya wuce. Wani mai albasa ya ce mutumin kirki ne, sai dai tsufa ya ɗan taɓa kanshi a ƙarshe, Allah shi yafe mishi.

Na ce, "Kan wa ya taɓa?"

Ya ce, "Haba baba, ai kowa ya gan shi da almakashi shina bin gidaje."

Na haɗiye wannan ma, don liman na kusa.

Wadda ta ƙarasa ni mace ce, ɗiyar maƙwabcinmu. Ta fito daga wajen mata da goyonta, ta durƙusa ta gaishe ni, hawaye shaɓe-shaɓe. Sai ta kwanto yaron, ta ɗaga rigarshi ta gwada mini. Ga ta nan a wuyanshi cikin baƙin zare, 'yar dalma kamar ƙwallon dabino, ta yi sumul don tsotso.

Ta ce, "Baba, ga albarkarshi. Ta yayan yaron ga ce. Lokacin da marigayi ke karɓewa na ɓoye ta cikin tukunyar daddawa. Yanzu da ya tafi na ce bari in ɗaura wa ƙaramin, kada mu manta da shi."

Yaron kuwa ya kai hannu ya cusa ta baki. A gabana, a ƙofar gidan mutumin da ya ƙare kwanakinshi shina roƙon a cire.

Nan na manta da liman. Abin da na faɗa ba ni rubuta shi, don akwai mata masu karatu. Anka riƙe ni, anka ba ni ruwa, anka ce zafin rashi ne. Ba zafin rashi ba ne. Kun zo kun yabi mutum da abin da ya tuba daga gare shi, kun kira tubar hauka. To tunda haka ne, ku zauna in faɗa muku wane ne kunka binne.

Wanda ba ɗan bakin gulbi ba, bari in gwada mishi. Birgi raga ce da masunci ke jefawa ta buɗe kamar faifai, a bakinta kewaye an jera 'yan dalma don ta nutse da sauri ta rufe kifi. Taubashina shi ke zuba dalmar. Da farko sanda-sanda yake saye wurin fatake. Da anka shiga zamanin zaɓe, motoci da babura sunka cika garinmu Malanbil, sai mataccen batir ya zama kamar tsakuwa. Kowane garaji na da tuli. Sai shi ɗauko bisa kekenshi, shi fasa da gatari a tsakar gida, shi tuttular da ruwan ga ƙasa inda kaji ke kiwo, shi zuba faifan ciki cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe, shi hura gawayi. In ta narke shi kwashe dattin sama shi watsar gindin katanga, shi tsiyaya mai kyan cikin ramukan da ya sassaƙa ga dutse. Hayaƙin ya bi ɗaki-ɗaki. Toka-tokar ƙura ta kwanta bisa turmi da faifan fura da tabarmar yara. Duk mun gani, duk mun shaƙa, mun ce ƙamshin arziki ne.

Mutum ne mai gaisuwa da zagi. In ya hango ni daga nesa sai shi ɗaga murya, "Bawa, wa ya sake ka da safiyar ga?" Ni kuma in ce, "Na zo duba dukiyata ne, in ga ko ka ci abinci." Mun tsufa ba mu daidaita wane ne bawan wani ba. Bai taɓa shan fura ya ce ta yi daidai ba, ko ta yi ruwa ko ta yi kauri, amma ba ya barin ko ɗigo ga ƙwarya. Matan masuntan da gulbi ya cinye mazansu kuwa, in ɗiyansu sunka fara su, shi ke jera musu dalmar birgin fari, in uwar ta kawo wani abu shi ce, "Kwashe tarkacenki, ni na ce miki ina bara?" Sai shi juya baya shina faɗa da keke.

Yanzu ga maganar dalmar wuya. Matarshi ta sha wuyar haihuwa. Na fari ya koma, na biyu ya koma, na bayansu ma haka, babu wanda ya kai yaye. Tsofaffin mata sunka ce ɗiyanta ba su da nauyi, iska ke ɗaukarsu. Da ta sake haihuwar namiji, ranar suna sai taubashina ya zuba wata 'yar dalma ta daban, ya goge ta sumul, ya huda, ya sa zare, ya ɗaura wa jaririn a wuya. Ya ce, "Kai, zauna. Birgi ma da wagga yake zama." Rabi wasa ne. Yaron kuwa ya zauna. Shi ne babban ɗanshi na yau, mai gemu da saurin fushi.

Shi ke nan, unguwa ta ɗauka. Ba a suna a bakin gulbin nan sai da shi. Wanzami shi yi aski, a yanka rago, sannan ga taubashina ya iso a makare, shina ƙorafin an ba shi ƙashi, shi laluba aljihu shi fiddo dalma. Bai taɓa karɓar ko dala a kai ba. Uwaye kuma sunka lura in haƙori ya fara ƙaiƙayi, yaro ba ya son komai sai ita. Tana da sanyi, tana da taushi, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Yaro shi yini shina tsotso, ba kuka, uwa ta samu ta yi daka. Munka ce albarka ce bisa albarka. Ni kaina na kai mishi jikokina, na tsaya ina dariya shina ɗaurawa.

Sai jikarshi, ɗiyar wancan babban ɗa. Amarya yake kiranta, ita kuma ta kira shi tsohon banza, shi ya koya mata. Yarinya ce mai baki tun ba ta iya tafiya sosai ba. Ta tauna dalmarta har haƙora sunka yi mata zane, sai ya zuba mata wata babba, wai amarya ba ta sa ƙaramin ado. Kullum tana gindin tukunyarshi tana wasa da dattin da yake watsarwa. Anka fara da ciwon ciki. Sai amai, sai jijjiga, ido shi kafe. Abin da ya fi ba mu tsoro, kalmomin da ta riga ta iya sunka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har tsohon banzan ma ya ɓace daga bakinta. Anka yi rubutu, anka yi turare, anka ce mutanen ruwa ne. Da komai ya ƙi, anka kai ta gidan likita.

Wata madan ce, likita 'yar kudu, ta duba ta. Ta ɗebi jini ta aika can wajensu, da amsa ta dawo ta ce a kira mai gidan. Ba ta jin Hausa, yaren Dendi da take ji kuma na sayen tumatir ne, don haka anka ɗauko ni, babban masani mai aji huɗu, in yi tafinta. Na sa babbar riga, na tafi ina taƙama.

Ta ce, "Tambaye shi, mi ke wuyan yarinyar ga?"

Na tambaya. Taubashina ya gyara zama, ya ba da labarin duka, da na farin da sunka koma da wanda ya zauna, har da yawan gidajen da ya ɗaura wa. Shina faɗi shina murmushi, ina juyawa. Na ga fuskar madan tana canzawa, na zaci Faransancina ne ke mata ciwo.

Sai ta ɗaga hannuwanta biyu ta buɗe yatsu, ta riƙa matso da su har sunka sarƙe. Ta faɗi wata kalma da mushe bai kai ni wurinta ba, na ce ta sauko ƙasa. Ta sauko. Ta ce cikin kan jariri akwai wasu 'yan jijiyoyi ƙanana da ido ba ya gani, tun shina ciki suke tsiro, suna miƙa rassa suna neman juna suna kamawa. Duk abin da yaro ya koya, magana ko tafiya ko gane fuskar uwarshi, wata kamawa ce ta ƙaru. Ni da na juya wa taubashina sai na ce kamar saiwar irin albasa cikin fangalin lambu, don ita ya sani. Ta ce jikin yaro shina neman wani abinci da ke cikin nono, wanda ke gina ƙashi, jijiyoyin nan ma da shi suke aiki. Ita kuwa dalma kama take da shi, sai jiki shi ruɗe shi buɗe mata ƙofa. In ta shiga sai rassan su tsaya, waɗansu su kama inda bai kamata ba, waɗansu su bushe. Ta ce babba ma tana cin shi, amma shi kanshi ya gama ginuwa, na yaro ne ake cikin gini. Ta ce ba tsotso kaɗai ba, da hayaƙin da ƙurar da ke tsakar gida, kuma mace mai ciki tana miƙa wa na cikinta.

Na tsaya. Ta ce, "Faɗa mishi."

Na faɗa mishi.

Ya ce, "Tambaye ta maganin."

Ta ce akwai abin da ke rage ta cikin jini, za a gwada, jijjigar na iya tsayawa. Amma abin da bai tsira ba a lokacin tsirarshi, ba ta iya yi mishi alkawarin za shi tsira.

Wannan ma da bakina ya shiga kunnenshi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Bawa, ka tabbata abin da tac ce ke nan, ko inda ba ka gane ba kana cikewa da naka?"

Damana guda bai gaishe ni ba. Ba zagi, ba bawa, ba komai. In mun haɗu a masallaci sai shi koma wancan sahu. Ya bi gari shina faɗin wai Faransancina na 'yan dako ne, na je na kunyata shi gaban baƙuwa. Har Gaya ya tafi ya ɗauko wani tsohon mushe mai tabarau, ya biya mishi mota, ya kai shi gaban madan don a yi tafinta ta gaskiya. Mai tabarau ya faɗa mishi abin da na faɗa, sai dai shi ba albasa cikin tashi tafintar.

Washegari na same shi tsaye ƙofar gidana, riƙe da keke. Ya ce, "Faransancinka ba shi da kyau."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Amma bai yi ƙarya ba. Tashi ka ara mini almakashi."

Iyakar ban haƙurin da na samu ke nan, kuma har ya mutu bai maido almakashin ba.

Ya kashe wutar. Ya kankare ƙasar tsakar gida kamar yadda madan ta ce, ya kwashe ta da amalanke ya kai nesa da rijiya da gulbi, ya zubo sabon yashi. Babban ɗanshi ya yi ta faɗa, don da tukunyar nan gidan ke ci. Uban ya ce mishi, "Ga kasuwa can, buhun albasa bai taɓa hana yaro magana ba." Ɗan ya tafi dako shina gunaguni.

Sannan ya fara bin gidaje, abin da kuke kira hauka. Ku da kunka ce kun gan shi, ni na bi shi, na ji abin da kunka faɗa mishi. Shi da ba ya roƙon kowa, na gan shi durƙushe gaban yarinyar da ya yi jika da ita. Wata ta rungume ɗanta ta ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka cire? Mi yaron ya yi maka?" Ya ce, "Bai yi mini komai ba, ni na yi mishi." Ya sassaƙo 'yan itace sumul don yara su samu abin tauna, ya riƙa miƙawa a madadi. Sai uwa ta auna a tafin hannu ta ce, "Baba, wanga ai ba shi da nauyi." Wani mai gida ya kore mu da cewa an yi wa tsohon asiri. Wani kuma, ina ganinshi ranar makoki shina cin shinkafa da hannu biyu, shi ya ce ai dalma ta yi tsada ne, tsoho na son kayanshi shi sayar. Wannan ce ta fi yi mishi ciwo. Ranar da munka iso gida, sai ya zauna ya ce wa matarshi furar ta yi daidai. Ta fito da gudu ta tambaye ni mi ya same shi.

Waɗanda ya samu ya tara cikin tsohon gwangwani mai murfi, in masu sayen ƙarfe sunka zo da babbar mota za su kudu shi miƙa musu, wai su maida wa masu ita.

Masu ita! Nan ne nike son in yi ihu. Wanda ya ƙera batir ya san abin da ke ciki. Ya rubuta gargaɗi a jikinshi, na gani, da ƙananan haruffa cikin harsunan da ko mai tabarau sai ya matso. Ya rubuta don shi wanke hannunshi, ba don masuncin Garu shi karanta ba. Ya sayar, batir ya mutu a bakin gulbinmu, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ina gawar. 'Yan duwan, masu binciken kaya a gada, suna soka ƙarfe cikin buhun masara su ga ko an ɓoye wani abu, amma amalanke cike da matattun batir shi wuce suna mishi sannu. Masu neman ƙuri'a sun zo mana da riguna da bokiti, kowane zaɓe, har gidan taubashina sun shiga sun zauna cikin hayaƙin nan sun sha ruwa, sun yaba sana'ar hannu. Ba wanda ya ce tsoho, fitar da yaran ga daga nan. Sai da yarinya ta rasa bakinta, sai da wata baƙuwa ta tambayi mi ke wuyanta. Kuma yau ku zaga bayan garaji ku gani, wasu na fasa batir da gatari, mata na soya ƙosai kusa da su. Masuntan da sunka zo suna yabonshi, ranar da ya kashe wuta ba su yi kwana biyu ba sunka samu wani mai zubawa. Ban ce kada a yi kamun kifi ba. Na ce a fitar da tukunyar daga inda yara ke rarrafe, kuma a bar rataya musu ita a wuya. Wannan ma ya yi muku nauyi?

Ita ma dalmar ba ta bar shi ba. Ciwon ciki ya zama abokinshi. Hannuwan nan da ke tsiyaya narkakkiyar dalma cikin ramin da bai kai ɗan yatsa ba ko ɗigo bai zuba, sunka saki daga wuyan hannu, har ludayi ya gagare shi. Daga baya ƙafafu sunka kumbura, anka ce ƙoda. Jikar tana nan, ta yi tsawo, jijjigar ta tsaya, amma maganar ba ta dawo ba sai ɗaiɗai. Ita ke zama kusa da shi a rumfa. Shi ce, "Amarya, zage ni mana." Ita ta yi dariya.

Wata la'asar, ana saura kaɗan, ya sa anka kira ni. Ya kori kowa daga rumfar. Ya ce, "Akwai saura ɗaya cikin gidan ga. Ta farin, wadda na ɗaura wa wancan mai gemun. Na birkice ɗakin tsohuwar nan, matata, ban gan ta ba, amma tana wurinta. Matar yaron kuma cikinta ya tsufa. Ba ni ganin sunan. Bawa, aikinka ne."

Na ce, "Ni ba bawanka ba ne."

Ya rufe ido ya ce, "To, ubangidana. Aikinka ne."

Tun da uwayenmu sunka haife mu bai taɓa sakar mini wannan ba. Na so in yi murna, abin ya ƙi.

Ba a yi sadakar arba'in ba matar babban ɗan ta haihu, namiji. Ranar suna anka yi abin a taƙaice saboda rashi. Wanzami ya gama aski, sai anka ce tsohuwa na kirana. Tana cikin takaba, zaune bisa tabarma a ɗakinta, ɗanta mai gemu na tsaye bakin ƙofa, mai jego na bayan labule da jaririn. Tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta fiddo ta. Ta yi baƙi don daɗewa, ga sabon zare an riga an zura.

Ta ce, "Kai ne madadinshi yau. Ɗaura mishi."

Na karɓa, na jefa aljihu, na ce, "Madalla, gadon bawana ya fara fitowa. Saura keken."

Ta ce, "Ba wasa na kira ka ba."

Na ce, "To ni ma na bar wasan. Ba a ɗaurawa. Shi ya ce."

Ta ce, "Shi ya ce! Shi ya haife su? Ni na wanke su anka fita da su cikin tabarma, ɗaya bayan ɗaya. Ni na kwana nono na zuba ba mai sha. Kana ina? Wagga ta tsayar mini da wancan, ga shi nan tsaye da gemunshi. Wata 'yar kudu da ba ta san sunan kakana ba ta faɗi magana, ku duka kun haukace."

Na ce, "Ga wancan tsaye, gaskiya ne. Ga waccan kuma." Jikar ta leƙo daga tsakar gida, tana dariya, don haka take yi in ta ji murya ta tashi.

Tsohuwar ta ce, "Allah ya yi ta haka."

Na ce, "Mijinki bai yarda da hakan ba, kuma ya fi ki sonta."

Sai ɗan ya sa baki, shina sosa gemu. Ya ce, "Baba, a ɗaura na yini guda mana, hankalin inna shi kwanta. Gobe sai a cire."

Na ce, "Wa za shi cire? Kai? Ubanka da almakashi da hawaye bai gama cirewa ba, kai da ba ka iya ce wa uwarka a'a?"

Ya harzuƙo, ita ma ta ɗaga murya, mata sunka fara taruwa a ƙofa. Ban san inda za mu ƙare ba. Sai murya ta fito daga bayan labule. Yarinyar nan tun da anka kawo ta gidan ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban surukai ba, ko sunana ba ta faɗi.

Ta ce, "Baba, ka tafi da ita. Inna, ki yi haƙuri. Waccan har yau ni ke mata wanka, ni ke ɗaura mata zane. Ba ni iya biyu."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon labulen. Sannan ta juyo gare ni, idonta a bushe, ta ce, "To. In yaron ga ya koma, a wuyanka."

Na ce, "A wuyana."

Na fita da ita cikin aljihu, na miƙa wa masu sayen ƙarfe a makon. Amma kada ku zaci na fita ina taƙama. Na ɗauki abin da ban da ikonshi. Yara a garin ga suna komawa, da dalma da babu, zazzaɓi na nan, gudawa na nan, sauron gulbi bai yi tuba ba. In wani abu ya samu wanga yaro, ba tsohuwar kaɗai ba, unguwa duka za ta ce ga abin da cirewa ta jawo, kuma duk wadda ke ɓoye za ta fito ta hau wuyan wani jariri. Na san haka, mai jego ta sani, tsohuwar ma ta sani.

Don haka ga ni da tsufana na zama ungozoma. Na sayo gidan sauro na rataya da hannuna. Ranar allurar rigakafi ni ke gaba da sanda, uwar na biye. Kowace safiya ina gidan, wai na zo gaisuwa, in karɓi yaron in laluba wuya da ƙugu da damtse, don na san halin tsofaffin mata. Tsohuwar ba ta amsa gaisuwata. Tana zaune tana jan tasbaha, tana kallon yaron, tana kallona.

Taubashi, ka gudu ka bar ni da wanga aiki, kuma ka san gwiwoyina. Allah shi gafarta maka abin da ka yi ba ka sani ba, shi karɓi abin da ka yi bayan ka sani, shi sanyaya maka makwanci, shi ba ka inuwar da na ce za ni riga ka kamawa, na bar maka. Shi kuma raya mana yaron ga da wuyanshi wayam, shi buɗe bakinshi shi zagi tsofaffi, ko mutanen ga sa gani da idonsu.

Yau da safe na taɓa shi na ji jikinshi da ɗan zafi. Uwar ta ce ba komai, ya sha nono. Tsohuwar ta aje tasbaha. Ni ma na aje alƙalami nan, za ni neman kabu-kabu mu kai shi likita.